Tsakanin Baki da Jini: Cajin da Ke Buɗe wa Magani Hanya a Hanji

Sharhinmu na yau ya shafi tafiyar da ƙwayar magani ke yi daga bakin majiyyaci zuwa jininsa, da wani ɗan cajin lantarki da masana haɗa magunguna suka gano yana iya buɗe mata hanya ko ya tsare ta a hanji.

Da zarar damina ta kankama a Kaduna, kwatoci suka cika, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, masu kemis na Unguwar Sanusi da Tudun Wada sun san abin da za a wuni ana tambayarsu: maganin zazzaɓin cizon sauro. Haka layi ke tsawo a ɗakin karɓar magani na Asibitin Yusuf Ɗantsoho. Abin da aka fi miƙo wa majiyyaci shi ne haɗin artemether da lumefantrine, wanda jama'a suka fi sani da Coartem, ko da yake kamfanoni da dama suna yin irinsa da wasu sunaye. Tun 2005 Najeriya ta jingine kulorokwin, bayan ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta rungumi wannan haɗi. Lamarin kuwa ba ƙarami ba ne, domin alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, a Najeriya suke.

Kusan kowa ya haddace ƙa'idar shansa, sau shida cikin kwana uku. Amma akwai wani umarni a takardar da ke naɗe cikin kwalin wanda ba kasafai ake karantawa ba: a sha maganin da madara ko da abinci mai maiƙo. Da yawa sukan kora shi da ruwan leda cikinsu babu komai, tunda zazzaɓi ya hana su sha'awar abinci. Bayan mako biyu ko uku ciwo ya dawo, sai a ce ai maganin jabu ne. Jabun magani yana nan, babu mai musun haka. Sai dai wani lokacin maganin na ƙwarai ne, jinin ne bai samu rabonsa ba.

Ga yadda abin yake. Magungunan biyu kowanne da aikinsa. Artemether ya samo asali ne daga artemisinin, wanda masaniyar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka tato daga wani ganye ɗan'uwan tazargade a farkon shekarun 1970, aikin da ya jawo mata kyautar Nobel a 2015. Shi mai saurin kai farmaki ne, yana karkashe mafi yawan ƙwayoyin cutar, cikin 'yan sa'o'i kuma ya bar jiki. Lumefantrine ne ke zama kwanaki a jini yana share ragowar. To, shi wannan na biyun ba ya narkewa a ruwa, sai a mai. Idan ya iske hanji babu maiƙo, mafi yawansa yana wucewa ne ya fita yadda ya shiga. Gwajin da aka yi da mutane masu lafiya ya nuna abinci mai maiƙo yana iya ninka abin da ke shiga jini daga lumefantrine har sau 16. Wani bincike da aka buga a 2007 daga ƙasar Tailan ya gano cewa ba ma sai an ci kitse mai yawa ba: mililita 36 na madarar waken suya, abin da bai kai cokali uku na cin abinci ba, mai ɗauke da maiƙon da bai wuce giram ɗaya da ɗan ɗori ba, ya isa ya kai mutum kusa da cikakken abin da ake so.

Tambayar da ta biyo baya a wurin masana ita ce, tunda mai ne ke ɗaukar maganin, kuma mai zazzaɓi ba ya son cin abinci, me zai hana a cusa man cikin maganin tun daga masana'anta?

Daga nan aka samu abin da ake kira ƙananan ƙwayoyin kitse masu dakon magani. A farkon shekarun 1990, Farfesa Rainer Müller a Jamus da Farfesa Maria Rosa Gasco a birnin Turin na Italiya, kowanne a ɓangarensa, suka samar da hanyar narkar da kitse, a zuba magani a ciki, a farfasa shi a ruwa har ya koma ɗigo-ɗigo, sannan a bar shi ya daskare. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Ana auna su ne da nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Kaurin gashin kan mutum yakan kai nanomita 80,000, su kuwa waɗannan ƙwayoyi yawancinsu ba su wuce ɗari zuwa ɗari biyar ba. Idan suka isa hanji, jiki yana karɓarsu kamar maiƙon abinci. Ruwan maɗaciya ya zubo, sinadaran narkar da abinci su hau aiki, maganin ya zauna a narke. Wani kaso ma yakan bi hanyoyin ruwan kaluluwa tare da kitsen, ya shiga jini ba tare da ya fara bi ta hanta ba, wadda takan lalata magunguna da yawa kafin su yi aiki.

An riga an ga amfanin dakon mai a asibiti. Cyclosporine, ɗaya daga cikin magungunan da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar, ya fara fitowa a 1983 da sunan Sandimmune. Likitoci suka sha wahala da shi, domin abin da ke shiga jinin wannan majiyyaci daban yake da na wancan, kuma ko a mutum ɗaya yau daban gobe daban. A tsakiyar shekarun 1990 aka sake haɗa shi da sunan Neoral, yadda da ya haɗu da ruwan ciki sai ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigon mai, shigarsa jini ta fi daidaituwa. Wannan ya shafi Arewa kai tsaye, tunda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002.

Amma ƙanƙanta da maiƙo ba su kaɗai ke yanke hukunci ba. Kowace ƙwaya tana ɗauke da cajin lantarki a bayanta. Caji iri biyu ne, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, kamar yadda ake gani a kan batir. Masu caji iri ɗaya suna ture juna, masu caji mabambanta suna jan juna. Akwai na'urar da ke auna wannan a ɗakin gwaji: ana sa ƙwayoyin a ruwa, a kunna musu wuta, a ga ɓangaren da suka nufa da saurin tafiyarsu. Sakamakon shi masana ke kira ma'aunin zeta, ana lissafa shi da milibolt.

Aikin farko na cajin shi ne hana ƙwayoyin dunƙulewa tun suna cikin kwalba. A ƙa'idar da masu haɗa magani ke bi, idan caji ya kai milibolt 30, na tarawa ne ko na ɗebewa, ƙwayoyin za su yi ta ture juna su zauna a warwatse. Idan ya sauko kusa da sifili, sai su manne su yi gudaji. Duk wadda ta taɓa ajiye madarar shanu ta kwana ta ga wannan da idonta. Madara cike take da ƙananan ƙwayoyin furotin masu cajin ɗebewa, shi ya sa take zama ruwa. Da tsami ya shige ta, cajin ya mutu, ƙwayoyin suka rungumi juna, sai ga kindirmo. Cikin mutum kuwa ya fi kindirmo tsami nesa ba kusa ba, saboda haka ƙwayar maganin da ba a tsara bayanta da kyau ba tana iya dunƙulewa tun kafin ta bar tumbi.

Aiki na biyu ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan ne hankalin masu bincike ya fi karkata. Ƙaramin hanji, in da za a shimfiɗa duk lanƙwasarsa da tsirarrakinsa, faɗinsa zai kai wajen murabba'in mita 30. Duk wannan fili a lulluɓe yake da wata majina mai yauƙi da Allah ya yi ta don kare bangon hanji daga ƙwayoyin cuta. Zaren wannan majina cajin ɗebewa gare shi. A ƙarƙashinta akwai ƙwayoyin halittar bangon hanji, waɗanda su ne ƙofar shiga jini, su ma fatarsu cajin ɗebewa take ɗauke da shi. Ke nan shinge biyu ne a gaban magani, kuma abin da ke taimakonsa a ɗaya shi ke cutarsa a ɗaya.

Da farko masana sun ɗauka maganin matsalar a bayyane yake: a ba ƙwayar cajin tarawa, ta manne a bangon hanji, ta daɗe a wurin. Aka riƙa lulluɓe ta da chitosan, wani sinadari da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Dabarar ta yi aiki gwargwadon hali. Ƙwayar takan daɗe a hanji, kuma chitosan yana ɗan sassauta ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin halittar bango har magani ya samu kafar wucewa. Sai dai an gano matsaloli uku. Ta farko, ƙwayar da ta manne a saman majina ba lallai ta kai ƙasa ba, ita kuwa majinar, jiki yana zubar da ita yana sake sabuwa cikin 'yan sa'o'i, sai ta tafi da maganin. Ta biyu, chitosan yana riƙe cajinsa ne a wuri mai tsami, da an gangara hanji inda tsamin ya ragu sai ƙarfinsa ya raunana, abin da ya sa masana a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan suka gyara shi ya zama mai riƙe caji ko'ina. Ta uku, cajin tarawa in ya yi yawa yana huda fatar ƙwayoyin halitta, ya zama guba.

Sai aka juya ɗaya ɓangaren. A 2007, tawagar Farfesa Justin Hanes a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta nuna cewa ƙwayoyin da aka lulluɓe sosai da wani sinadari mai son ruwa da ake kira PEG, har cajinsu ya koma kusa da sifili, suna ratsa majinar jikin mutum da saurin da bai yi nisa da saurinsu a ruwa zalla ba. Darasin daga wasu ƙwayoyin bairos aka koyo shi, waɗanda bayansu ke ɗauke da cajin tarawa da na ɗebewa daidai wa daida, don haka majina ba ta iya kama su. Amma nan ma da sauran rina a kaba. Ƙwayar da ta zille wa majina saboda ba ta manne wa komai, idan ta isa bangon hanji shi ma ba ta manne masa, ƙwayoyin halittar kuma ba sa haɗiye ta da sauƙi.

Mafita mafi burgewa ta fito ne daga Jami'ar Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, inda Farfesa Andreas Bernkop-Schnürch da ɗalibansa suka ƙera ƙwaya mai sauya caji a kan hanya. A ciki tana da cajin tarawa, amma an rufe ta da fosfet mai cajin ɗebewa. Da wannan riga take ratsa majina ba tare da ta maƙale ba. A daidai bangon hanji kuwa akwai wani inzayim da jiki ya tanada wanda aikinsa cire fosfet. Shi zai tuɓe mata rigar, cajin tarawa ya bayyana, ta manne a daidai ƙofar da ake so ta shiga, ba ta kuma komawa baya.

Irin wannan dabara ta sauya caji ba baƙuwa ba ce ga jikin miliyoyin 'yan Najeriya. Rigakafin korona na kamfanonin Moderna da Pfizer a cikin ƙananan ƙwayoyin kitse aka naɗe shi. An yi amfani da wani kitse na musamman, wanda Farfesa Pieter Cullis da abokan aikinsa a Kanada suka daɗe suna inganta shi, mai ɗaukar cajin tarawa a wuri mai tsami, ya ajiye shi a cikin jini. A watan Agustan 2021 Najeriya ta karɓi allurai miliyan huɗu na Moderna daga Amurka. Amma wannan allura ce. Ta baki kuwa tafiyar ta fi wuya, domin ruwan maɗaciya da narkakken maiƙo da furotin na abinci duk suna hawa bayan ƙwayar su sauya mata caji. Abin da na'ura ta auna a kwalba ba lallai shi ne abin da ke hanji ba. Shi ya sa har yau masu ciwon sukari a Unguwar Sanusi da ko'ina cikin duniya suke tsira wa kansu allurar insulin, duk da shekarun da aka kwashe ana neman wanda za a haɗiya. Mafi yawan nasarorin ƙwayoyi masu sauya caji a ɗakin gwaji da jikin dabbobi aka same su, ba su kai kantar kemis ba tukuna.

Akwai kuma zafi. Kitsen da aka daskarar yakan sauya tsari idan ya daɗe a ajiye, ya matso maganin waje, cajinsa ya ragu, ƙwayoyin su dunƙule. Masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau sun ga irin wannan matsala da maganin Kaletra, wanda da farko ya zo a kafso mai ruwan mai a ciki, sai an ajiye shi a firji. Sai a 2005 aka fito da ƙwayar da ke jure zafi, wadda aka kawo Afirka da sunan Aluvia. Duk wanda ya san yadda shagon kwano ke ɗaukar zafi a Kaduna cikin watan Maris da Afrilu, ya kuma san halin wutar lantarki, ya san cewa maganin da ba ya rayuwa sai a firji bai gama zama maganin talaka ba.

A nan ne maganar ta dawo gida. A Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, Farfesa Anthony Attama da ɗalibansa sun daɗe suna haɗa irin waɗannan ƙwayoyi da kayan da ake samu a ƙasar nan, har da kitsen akuya da kakin zuma, kuma sun gwada naɗe artemether da lumefantrine a cikinsu. Arewa kuwa ita ce matattarar irin waɗannan kaya. Akuyoyin suna nan. Man kaɗe yana nan, daga Neja zuwa Kwara zuwa Kebbi, kuma kitse ne da ke daskare a ajiye ya narke da ɗumin jiki. Ƙaro yana nan a Yobe da Borno da Jigawa, wanda cajin ɗebewa gare shi, kamfanonin lemon kwalba na duniya suna sayensa ne don ya hana ɗigon mai dunƙulewa a cikin abin sha. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jihar Kaduna suna da tsangayoyin haɗa magunguna, akwai kuma Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa a Abuja. Abin da ake bukata shi ne gwamnatoci da asusun tallafa wa manyan makarantu da attajirai su sa kuɗi a na'urorin auna girma da caji, da wutar da za ta riƙe su, da gwaji a jikin mutane bisa ƙa'idar hukumar NAFDAC. Kamfanonin Turai ba za su sa zazzaɓin damina da zafin bazarar Arewa a gaban lissafinsu fiye da yadda 'yan ƙasa za su sa ba.

Lokaci kuma ba ya jira. An riga an tabbatar da ƙwayar zazzaɓin da ta fara jure wa artemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya. Idan ɓangaren farko na haɗin ya fara rauni, nauyi yana komawa kan lumefantrine. Duk lokacin da aka sha shi ya shiga jini kaɗan, ana bai wa ƙwayar cutar damar tsira ta kuma saba da shi.

Kafin binciken masana ya iso kemis, akwai abin da ke hannun kowane gida. A fara yin gwajin jini kafin a sha maganin zazzaɓi. Idan an tabbatar, kowane sha a haɗa shi da ɗan abu mai maiƙo: shayi da madara, kunun gyaɗa, ƙosai, waina, ko 'yan lomomin tuwo da miya mai mai. Koko zalla ko shayi baƙi ba su wadatar ba. Jariri mai shan nono a ba shi mama bayan maganin. Sha na biyu yana zuwa ne sa'a takwas bayan na farko, sauran kuma safe da dare, a cika shidan ko da jiki ya yi sauƙi. Wanda ya yi amai jim kaɗan bayan sha ya koma wurin likita ko mai haɗa magani a faɗa masa yadda zai yi. Sai dai kada a mai da wannan ƙa'idar kowane magani. Haɗin zazzaɓi mai ɗauke da piperaquine ba a son shansa da abinci mai maiƙo da yawa. Tetracycline da ciprofloxacin kuwa madara ce ke hana su shiga jini, domin sinadarin kalsiyam da ke cikinta, mai cajin tarawa, yana kama su ya riƙe a hanji. Masu kemis da ma'aikatan asibiti su riƙa faɗa wa kowane mai karɓar magani da bakinsu, da Hausar da zai gane, abin da zai ci da abin da zai guje wa, shi kuma majiyyaci ya tambaya kafin ya bar wurin.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.